Yadda gubar gona da ta masana'anta ta kai cikin ƙwan tsuntsu a ƙuryar duniya

Tambaya: Na ji an ce ana samun maganin ƙwari da gubar masana'antu a jikin tsuntsayen teku na ƙuryar arewa da ta kudancin duniya, inda babu gona babu masana'anta. Ta ina suka bi suka je can? Kuma tunda an daɗe da hana amfani da su, har yanzu suna yi wa tsuntsayen illa?

Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma labarin ya girmi yawancinmu. Tun a 1966 aka sanar da samun maganin ƙwarin DDT a jikin tsuntsayen fengwin da aka ɗauko daga tsibirin Ros a Antatika, nahiyar ƙuryar kudu da ba ta da gona, balle sauron da za a yi wa feshi. A wannan shekarar dai wani masanin sinadarai a Suwidin, Sören Jensen, yana cikin neman DDT a jikin kifi da gaggafa sai ya riƙa cin karo da wasu baƙin sinadarai da ba su cikin lissafinsa. Da ya bi sawu sai ya gano PCB ne, wani mai da ake zubawa a taransifoma da sauran kayan lantarki, ake kuma haɗawa a fenti. An yi shekaru fiye da 30 ana sarrafa shi kafin wani ya lura ya shiga jikin namun daji. Jimillar abin da aka sarrafa a duniya ya haura tan miliyan 1.

Abin da ya sa waɗannan sinadarai suka yi kasuwa shi ne ya mayar da su masifa. An so su ne saboda ba sa lalacewa: rana ba ta cin su da sauri, ƙwayoyin cuta na ƙasa ba sa iya narkar da su, zafi ma sai ya kai maƙura. Ruwa ba ya ɗaukarsu sosai, amma da sun haɗu da maiƙo sai su narke ciki su zauna. Sannan suna da ɗan halin tashi sama kamar tururi idan wuri ya yi zafi, su sauko kamar raɓa idan ya yi sanyi.

Wannan halin na ƙarshe shi ne amsar kashin farko na tambayarka. An yi feshi a wata gona ko taransifoma ya tsiyaye a wani juji, rana ta buga, wani kaso ya tashi ya bi iska. Inda ya tarar da sanyi sai ya sauka kan ƙasa, ko ganye, ko teku. Bazara ta zagayo ya sake tashi, ya ƙara gaba. Masana suna kiran abin tsallen fara, kuma sunan ya dace: ba tafiya ɗaya ba ce, tsalle ne bayan tsalle, kowanne yana ƙara matsawa wajen sanyi. Frank Wania da Donald Mackay ne suka shimfiɗa bayanin sosai a farkon shekarun 1990. Idan sinadarin ya isa yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya, sanyi ya kama shi, tashi ya yi wuya, ga duhun watanni da ke ƙara jinkirta lalacewarsa. Masu sauƙin nauyi irin su magungunan gona na HCB da HCH su ne suka fi yin nisa. Masu nauyi cikin dangin PCB da yawa kan zube a hanya. Ban da iska akwai igiyar teku daga Atilantika, akwai manyan kogunan Rasha irin su Ob da Yenise da ke zubawa cikin tekun Aktik. Akwai kuma 'yar ɓarnar da aka yi a wurin kansa: tsoffin tashoshin na'urar hangen jirage na zamanin yaƙin cacar baka a arewacin Kanada, kamar ta Saglek, sun bar PCB a ƙasa, haka ma mashigin ruwan da ke gefen tashar McMurdo a Antatika.

To amma kada ka ɗauka tekun can ya cika da guba. Idan ka ɗebo ruwansa ka auna, abin da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, sai na'ura mai tsananin ganewa ke iya ganinsa. Inda maganar take shi ne cikin abinci.

Rayuwa a wurin sanyi kan kitse aka gina ta. Rani gajere ne, hunturu dogo, don haka duk mai rai, daga ƙaramin ƙwaron ruwa har farin beyar, aikinsa a watannin haske shi ne ya tara mai. Akwai wasu ƙananan ƙwarin teku, girmansu bai wuce ƙwayar hatsi ba, waɗanda idan ka ɗora ɗaya a gilashi ka haska za ka ga jakar mai a cikinsa tana ƙyalli, ta cinye kusan rabin jikin. Su ne ke cin tsirran ruwa da ido ba ya gani, sinadarin ya bi ya zauna cikin wannan jakar. Ƙaramin kifi ya ci dubbansu. Ya ƙona man ya yi ƙarfi da shi, amma gubar ba ta ƙonuwa, sai ta tsaya. Tsuntsu mai nutso ya ci ɗaruruwan kifin nan, shekara da shekaru, domin tsuntsayen teku suna da tsawon rai, wasu na haura shekara 30. Sai kuma wani tsuntsun ya zo ya ci ƙwan mai nutson. A kowane mataki gubar tana ninkawa, har abin da ke cikin kitsen na ƙarshe ya kai ninkin miliyoyi na abin da ke cikin ruwa. Shi ya sa tsuntsaye biyu za su yi sheƙa a dutse ɗaya, ɗaya jininsa kusan wanke, ɗayan kuwa maƙil.

Babu inda aka ga wannan ƙarara kamar wani tsibiri da mutanen Norway ke kira Bjørnøya, wato tsibirin beyar, wanda ke tsakiyar teku tsakanin arewacin Norway da tsibiran Sibalbad. Kudancinsa duwatsu ne tsaye cak a kan ruwa, dubban ɗaruruwan tsuntsaye masu nutso da ake kira gilimot sun jeru a kan kowane ɗan taki. A samansu kuma akwai wata babbar tsuntsuwa mai farin kai da toka-tokan baya, masana na kiranta Larus hyperboreus. Ni zan kira ta shirwar teku, saboda halinta na fizge da sata. Tun a farkon shekarun 1970 aka ga irinta a tsibirin tana farfaɗiya, aka auna aka samu PCB mai yawa. Masu bincike na Norway sun yi shekaru suna bin waɗannan shirwa ɗaya bayan ɗaya: a kama ta a sheƙa, a ɗebi ɗan jini daga jijiyar fiffike, a sa mata zobe a ƙafa, a sake ta, sannan a zauna da madubin hange ana lura da ita. Sun ga cewa waɗanda suka yi sheƙa a saman dutse kusa da gilimot, suka mayar da ƙwai da 'yan tsaki abincinsu, sun fi ɗauke da guba nesa ba kusa ba a kan 'yan'uwansu na bakin ruwa masu cin kifi. Masu gubar da yawa sun fi barin ƙwai ba kwanci, tsutsar ciki ta fi yi musu yawa, sinadaran homon na ƙullin maƙogwaro sun ragu a jinin mazansu, har gashin fukafukansu na dama da na hagu kan bambanta a tsawo. Kuma masu dawowa baɗi a cikinsu ba su kai na masu ƙarancin guba ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 2000 yawan shirwar da ke haihuwa a tsibirin ya ragu da fiye da rabi.

Akwai abu ɗaya game da gawarwakin da aka riƙa tsinta a can wanda nake so ka riƙe, domin a ganina shi ne zuciyar amsar. Yawancinsu a rame suke, ƙashin ƙirji a waje, babu ko ɗigon kitse, amma ƙwaƙwalwa da hanta cike da guba. Muddin tsuntsu na da ƙiba, gubar tana ɗaure cikin kitse, kamar kuɗi a asusu, ba ta taɓa komai sosai. Ranar da yunwa ta zo, jiki ya fara cin kitsensa, sai abin da aka tara shekara goma ya kwance lokaci ɗaya ya shiga jini, jini kuma ya kai shi ƙwaƙwalwa, wadda ita ma maiƙo ce. Wato gubar tana jiran ranar da tsuntsun ya fi rauni ne ta far masa.

Kuma yunwa a can ba tsautsayi ba ce, tsarin rayuwa ce. Dubi agwagwar teku da ake kira aida. Macen takan fige gashin ƙirjinta mai laushi ta shimfiɗa a sheƙa, ta kwanta a kan ƙwai wajen kwana 25, kusan ba ta cin komai, sai dai ta tashi ta kurɓi ruwa ta dawo da sauri kafin shirwa ta gani. Kafin ƙwan ya ƙyanƙyashe takan zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. A mashigin Kongsfjorden na Sibalbad an ɗebi jinin irin waɗannan mata a farkon kwanci da kuma ƙarshensa, aka ga sinadaran sun ninka a jini sau da yawa, alhali ba ta ci wani sabon abu ba. Daga cikinta suka fito. A shekarun da sanyi ya fi tsanani, ramar ta fi yawa, haka ma gubar. A kudu namijin babban fengwin yana yin kusan wata 4 ba ci, wata biyu daga ciki ƙwai a kan ƙafafunsa. Duk tsuntsun da rayuwarsa ta ginu a kan tara kitse da ƙone shi, wannan haɗarin yana tattare da shi.

Macen tana da hanya ɗaya ta rage kaya, kuma hanyar ce ta fi taɓa mini zuciya: ƙwai. Gwaiduwa maiƙo ce, daga jikin uwa ake haɗa ta, don haka wani kaso na gubar uwa yana wucewa cikinta. Shi ya sa a jinsuna da dama maza sun fi mata guba. Ɗan tsakon da bai ga rana ba tukuna, wanda ƙwaƙwalwarsa da garkuwar jikinsa ke kan haɗuwa, da wannan gwaiduwar ake gina shi. Ɓawon ma bai tsira ba. DDT idan ya shiga jiki yakan rikiɗe ya zama DDE, shi kuma yana hana mahaifar ƙwai shimfiɗa alli yadda ya kamata. Derek Ratcliffe ne ya fara nuna haka a 1967 a Birtaniya, da ya gwada ƙwan shaho na da, wanda ke ajiye a gidajen tarihi, da na zamaninsa. An maimaita irin gwajin a kan wata farar tsuntsuwa fat mai bin ƙanƙara, Pagophila eburnea, wadda ke bin sawun farin beyar tana cin ragowar kitsen abin da ya kashe. Ƙwanta na Sibalbad da arewacin Rasha ya fi na kafin zuwan DDT sirantar ɓawo.

Wannan farar tsuntsuwar tana ɗauke da wani kayan kuma, wato zaiba. Zaiba ba ƙirar mutum ba ce, ƙarfe ce ta asali, amma ƙona kwal da haƙar zinariya da hannu sun cika iska da ita. A teku ƙwayoyin halitta suna juya ta zuwa wani nau'i mai hawa matakan abinci kamar sauran, sai dai ita nama da hanta da gashi take kamawa. An auna gashin wannan tsuntsuwa daga samfuran gidajen tarihi, daga 1877 zuwa 2007, aka ga zaibar ta ninka kusan sau 45. A Kanada yawanta ya faɗi da kimanin kashi 80 cikin 100 tun daga shekarun 1980. Ba zan ɗora wa zaiba laifin duka ba, domin ƙanƙarar da tsuntsuwar ta dogara da ita tana janyewa, an kuma yi farautarta a Girinlan. A Kongsfjorden kuwa an ga cewa tsuntsayen kitiwek masu zaiba da yawa sun fi tsallake shekara ba su yi ƙwai ba.

Wani abin mamaki shi ne tsuntsayen su kansu sun zama masu dako. A Kef Bera, a tsibirin Debon na Kanada, tsuntsayen fulma kimanin ma'aurata 10,000 suna sheƙa a kan dutse, suna cin abinci can cikin teku mai nisan ɗaruruwan kilomita, su dawo su yi kashi a gida. A wani bincike da aka wallafa a 2005 an auna lakar tafkunan da ke gindin dutsen, aka ga waɗanda kashin ya fi zuba cikinsu sun fi na nesa DDT har ninki 60, zaiba ninki 25. A Bjørnøya ma kifin tafkin Ellasjøen, inda tsuntsaye ke wanka, yana cikin mafi yawan PCB a duk kifin ruwan daɗi na Aktik.

Kudu ta fi arewa sauƙi, domin yawancin masana'antu da manyan gonaki a arewacin duniya suke, ga kuma teku mai faɗi da ta kewaye Antatika. Fengwin mai cin ƙananan jatan lande gubarsa kaɗan ce. Amma sikuwa, mai cin ƙwan fengwin da na sauran tsuntsaye, wadda kuma kan yi ƙaura ta tsallaka har arewacin duniya idan hunturu ya zo, tana ɗauke da HCB da maganin tururuwa mai suna mireks da yawa. Wani bincike na 2008 ya nuna cewa DDT a jikin fengwin na yammacin zirin Antatika bai ragu ba cikin shekara 30, duk da raguwar amfani da shi a duniya. Dalilin da aka gano shi ne tsaunukan ƙanƙara: dusar da ta sauka a shekarun da ake feshi babu ƙaƙƙautawa ta binne shi, yanzu tana narkewa tana sakin kilo 1 zuwa 4 a shekara cikin tekun yankin. Wannan bai kai ya kashe fengwin ba. Abin da yake nunawa shi ne ƙanƙara rumbu ce, kuma ɗumamar yanayi ta fara buɗe ƙofarsa. A Aktik, inda ɗumamar ta ninka ta sauran duniya kusan sau 4 tun daga 1979, an ga wasu tsoffin sinadarai suna sake tashi daga ruwan da a da ƙanƙara ta rufe.

Yanzu ga kashi na biyu na tambayarka. Hanin ya yi aiki, kuma ina faɗin haka da ƙarfi saboda mutane da yawa sun ɗauka irin waɗannan yarjejeniyoyi takarda ce kawai. Amurka ta hana feshin DDT a gonaki a 1972, ta hana sarrafa PCB a 1979, ƙasashen Turai ma suka ɗauki irin matakin. A 2001 aka amince da Yarjejeniyar Stockholm, ta fara aiki a 2004 da sinadarai 12. Yanzu sun haura 30. An bar ƙofar amfani da DDT a feshin cikin ɗaki don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, kuma ban ga laifin haka ba, domin abin da ya cika duniya shi ne zuba shi a gonaki da jirage. Mutanen Inuwit, 'yan asalin yankin Aktik, sun taka rawa babba wajen wannan yarjejeniya, bayan da aka gano a ƙarshen shekarun 1980 cewa nonon matansu a arewacin Kebek ya fi na matan kudancin lardin PCB ninki da yawa, saboda abincinsu daga teku ɗaya yake fitowa da na tsuntsayen. Har yau hukumomin Norway suna gargaɗin yara da masu ciki da masu shayarwa da su guji cin ƙwan shirwar teku. Ita kuma zaiba tana da tata yarjejeniyar, ta Minamata, wadda ta fara aiki a 2017.

Shaidar aikin hanin tana tsibirin Yarima Leopold a arewacin Kanada. Tun 1975 ake saukowa da igiya a kan dutsen ana ɗaukar ƙwan gilimot da fulma da kitiwek ana aunawa. Birgit Braune ta shafe shekaru tana jagorantar aikin. PCB da DDT sun faɗi da fiye da rabi cikin shekaru 25 na farko. Daga nan saukar ta yi sanyi, ta zama jan ƙafa, domin ƙasa da teku da ƙanƙara suna ta mayar da abin da suka haɗiye, ga tsoffin taransifomomi da har yanzu ba a lalata mansu ba. Yarjejeniyar ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina amfani da kayan da ke ɗauke da PCB, 2028 kuma wa'adin kawar da sharar, amma mafi yawan kayan har yanzu suna nan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda sababbi ke hawa yayin da tsoffi ke sauka. Sinadaran PBDE, waɗanda ake sa wa katifa da kujeru da kayan lantarki don kada su kama wuta da sauri, sun yi ta ƙaruwa a ƙwan tsibirin har zuwa farkon shekarun 2000, sannan suka juya ƙasa bayan an fara janye su daga kasuwa. Sai dangin PFAS, na kumfar kashe gobara da tukwane marasa kamu da tufafin da ruwa ba ya ratsawa. Su ba kitse suke bi ba, furotin na jini da hanta da gwaiduwa suke kamawa, kuma sun fi PCB taurin kai. An sa PFOS cikin yarjejeniyar a 2009, PFOA a 2019, PFHxS a 2022, alhali dangin sun kai dubbai. Ana hana su ɗaya-ɗaya, kowanne sai an yi shekaru ana tattara hujja, kamfani kuma ya ɗan sauya ƙirar ya fito da ƙaninsa. A ra'ayina, duk sinadarin da aka tabbatar ba ya lalacewa kuma yana taruwa a jiki, wannan kaɗai ya isa a hana shi tun kafin ya bar masana'anta, kuma a hana dangin gaba ɗaya. Roba ma ta shigo cikin lissafi: a wani bincike a Sibalbad kusan 9 cikin kowane fulma 10 da aka buɗe an samu gutsattsarin roba a cikinsu, kuma wasu sinadaran da ake haɗa roba da su suna narkewa cikin man da tsuntsun ke tarawa a tumbinsa. Ɗaya daga cikinsu, UV-328, ya shiga yarjejeniyar a 2023.

To suna yi musu illa har yanzu? Ga masu cin ƙwarin ruwa da ƙananan kifi, gubar yau ba ta kai matakin da ake ganin illa a fili ba; ƙarancin abinci da narkewar ƙanƙara sun fi yi musu barazana. Ga na saman tsani kuwa, shirwar teku da sikuwa da farar mai bin beyar, illar tana nan, sai dai ba irin wadda za ka tarar da gawarwaki birjik a bakin teku ba ce. Uwa ce da ta tashi daga kan ƙwai na ɗan lokaci fiye da kima, ko namijin da bai dawo bana ba. Tsuntsun da ke yin ƙwai ɗaya zuwa uku a shekara, wanda sai ya shekara huɗu ko fiye kafin ya fara haihuwa, ba ya jure asarar manya ko da kaɗan ce. A Bjørnøya an gwada ba wasu shirwa maganin tsutsa, sai alaƙar da ke tsakanin guba da lalacewar haihuwa ta yi rauni a cikinsu. Ɗumamar teku kuwa tana ƙara yawan shekarun yunwa, tana kawo sababbin cututtuka arewa.

Ƙwan da ake ɗauka a tsibirin Yarima Leopold ba a ƙarar da shi a gwaji ɗaya. Ana fasa shi, a kaɗa, a zuba a 'yan kwalabe, a rubuta shekara da jinsi, a ajiye ragowar cikin sanyi mai tsanani a wata ma'ajiya a Ottawa. Da aka samu na'urorin da ke iya ganin PBDE da PFAS, sai aka koma aka ciro tsoffin kwalaben aka auna, kuma ta haka ne aka san tarihin hawansu. A cikin ƙwan 1975 an samu sawun PFAS, shekara 26 kafin rahoton 2001 da ya fara nuna cewa PFOS ya bazu a jikin namun daji a duk faɗin duniya.